Man shanun damina da na rani: me saniya ke ci, me ke fitowa a madara?

Mai Kindirmo, Marwa
Salamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce ga masana kiwo. Man shanun watan Agusta da Satumba rawaya ne, mai laushi, ko da safe cokali na shiga. Na watan Maris fari ne fat, kuma idan shanun na cin gurya sai ya yi tauri kamar kitse. Yanzu masu saye sun fara tambayar wai omega-3. Launi ne kawai ya bambanta, ko man ne kansa ya sauya? In ya sauya, me za a ba saniya da rani ya dawo kusa da na damina?

Malamin Kiwo, Gaundare
Wa alaikumus salam Hajiya. Abu biyu ne suka haɗu, a raba su. Launi daban, laushi daban.

Rawayan daga karotin yake, sinadarin da ke cikin ɗanyen ganye, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Rana na cinye shi, shi ya sa ciyawar da ta bushe a tsaye ba ta da shi, mai ya fito fari.

Laushin kuwa daga ire-iren maiƙon da ke cikin man yake. Man madara na ɗauke da sinadaran maiƙo wajen iri 400, amma a aikace gida biyu ne: masu daskarewa, irin su falmitik da sitiyarik, da masu ruwa-ruwa, irin su olik, linolik (shi ne omega-6) da linolenik (shi ne omega-3). Masu daskarewa su ne kashi 65 zuwa 70 cikin 100. Omega-6 da omega-3 gaba ɗayansu ba su cika wuce kashi 3 zuwa 5 ba. Ɗanyen ganye na ƙara masu ruwa-ruwa, shi ne laushin da kike gani. Maiƙon ganye ɗan kaɗan ne, kashi 2 zuwa 3 na nauyinsa bayan an cire ruwa, amma rabi ko fiye na wannan ɗan maiƙon omega-3 ne, kuma a koren ganyen yake zaune, ba a kara ba. Da ciyawa ta tsufa ta yi kai, kara ya rinjayi ganye, sai ya ragu.

Mai Turto, Gidar
To ai magana ta zo da sauƙi Malam. In mai ruwa-ruwa ake so, a zuba wa saniya man gyaɗa ko man auduga a dusa, kofi guda kullum. Abin da ta ci shi za ta bayar.

Dakta, Garwa
Alhaji, a kaza ko kifi maganarka na tafiya. A saniya ba ta tafiya, domin tumbi na tsakani. Ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbi, waɗanda ke narkar mata da ciyawa, mai ruwa-ruwa guba ne a wurinsu. Don su kare kansu sai su liƙa masa haidurojin su mayar da shi mai daskarewa. Omega-6 da ta ci, kashi 70 zuwa 95 haka yake ƙarewa. Omega-3 kuwa kashi 85 har kusan duka. Abin da ya kuɓuta ya wuce hanji shi ke shiga jini ya isa hantsa.

A yi lissafi da saniya mai kilo 300. Tana cin kusan kashi 2.5 na nauyinta a busasshen abinci, wato kilo 7.5. In ɗanyar ciyawa ce zalla mai maiƙo kashi 2, giram 150 ke nan, rabinsa omega-3, giram 75. Bayan tumbi ya gama da shi, abin da ya saura bai fi giram 5 zuwa 10 ba, shi ma jikinta na da nasa rabon. A lita 2 ta madara abin da za a tarar bai wuce giram ɗaya ko kusa da haka ba.

Kofin man da ka ce a zuba: yana lulluɓe zaren ciyawa, yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da ita, saniya ta rage ci, kashi ya yi ruwa, kuma abin mamaki maiƙon madarar ya ragu maimakon ya ƙaru. Dukkan maiƙon abincinta kada ya haura kashi 6 cikin 100. A kilo 7.5 giram 450 ne, kuma ciyawa da dusa sun riga sun kawo wajen 200. Ga shi man gyaɗa da man auduga babu omega-3 a cikinsu da za a kirga.

Mai Labo, Njamena
Dakta, ka bar wani wuri a buɗe, kada a ɗauka tumbi ɓarna kawai yake yi. Ba a tashi ɗaya yake mayar da linolenik ya zama sitiyarik ba, mataki-mataki ne, kuma a tsakiya akwai wani sinadari, basenik. Wani ɓangarensa na tsere wa mataki na ƙarshe ya shiga jini. A hantsa akwai wani inzayim, wato sinadarin jiki mai juya wani abu ya zama wani, da ke juya basenik ya zama CLA, wani nau'in maiƙo wanda ake ta talla da shi. Mafi yawan CLA na madara, kashi 70 zuwa 90, a hantsa ake ƙera shi ta wannan hanya. Wato ko omega-3 na ganye ya lalace a tumbi, ya bar gado.

Akwai gwajin da aka buga a Amurka a 1999: shanun da kiwon ɗanyar ciyawa ya zama kashi ɗaya cikin uku na abincinsu sun ba da miligiram 8.9 na CLA a kowane giram na maiƙo, na kashi biyu cikin uku 14.3, na ciyawa zalla 22.1. Na turke masu cin hatsi da ɗanyen karan masara da aka daddatsa aka adana ba su kai 4 ba. Darasin a nan shi ne ba sai an samu duka ba, kowane ƙarin ganye na hawa da shi. Sai dai ciyawar can ta ƙasar sanyi ce, ta fi gamba da kyasuwa maiƙo, don haka kada wani ya ɗora waɗannan lambobi a kan gudali ko farar saniya yadda suke.

Mai Kindirmo, Marwa
Na gane. To gurya fa? Nan kowa ita da turto, wato tunkuzar da ke saura bayan an matse man gurya, yake bayarwa daga Janairu. Me ya sa take taurara mai?

Malamin Kiwo, Gaundare
Dalili uku. Man gurya kusan kashi ɗaya cikin huɗu falmitik ne tun asali. Rabinsa linolik ne, kuma da yake a cikin ƙwaya yake, a hankali yake fita, tumbi na samun sukunin kai shi har ƙarshe, ya zama sitiyarik. Na uku shi ne wanda ba a cika sani ba: a man gurya akwai wasu sinadarai biyu 'yan kaɗan, malbalik da sitakulik, masu danne wancan inzayim na hantsa da Mai Labo ya ambata. Inzayim ɗin ne kuma ke mayar da sitiyarik mai tauri ya zama olik mai laushi. An danne shi, mai ya fito da tauri.

Amma kada a jefar da gurya saboda wannan. Saniyar da ke kan karan dawa da rani furotin da ƙarfi take nema kafin komai, kuma gurya na da furotin wajen kashi 22, mai wajen kashi 20. Tana hana madara raguwa, tana ƙara yawan man. Abin da ba ta yi shi ne ƙara omega-3.

Awo: kada ta wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyin saniya. Mai kilo 300, kilo 1.5 ne iyaka, ni da za a tsaya a kilo 1 zuwa 1.2 ya fi, saboda lissafin maiƙon da Dakta ya kawo. A fara da giram 250, a riƙa ƙarawa duk bayan kwana uku, a raba safe da yamma.

Dakta, Garwa
A ƙara da gosifol, gubar da ke cikin gurya. Babbar saniya tumbinta na ɗaure shi. Maraƙin da bai fara tuƙa sosai ba ba shi da wannan kariya, yana taɓa zuciya da hanta, ana iya wayar gari a tarar da shi a mace a dangwali. Bijimin barbara ma yawan gurya na rage masa ƙarfin maniyyi. Turto ya fi sauƙi ta wannan fuska, domin zafin matsewa na ɗaure yawancin gosifol ɗin.

Sannan irin shuka da aka shafa wa magani, mai launi, ba abinci ba ne ko an wanke.

Mai Turto, Gidar
Dakta na karɓi gyara kan zuba mai. Amma a bambance turto, ba iri ɗaya ba ne. Wanda aka matse da inji kawai na riƙe da mai kashi 5 zuwa 8. Wanda aka tsotse mansa da sinadari a masana'anta, kashi 1 zuwa 2 ne ya rage. Auduga kuwa muna da ita, kamfanin auduga na Kamaru, SODECOTON, na da matatun mai a Garwa da Marwa, a Chadi kuma akwai ta Mundu. Ƙuli-ƙuli da tunkuzar gida sun fi duka mai, kuma ba su da awo ɗaya, ya danganta da hannun mai matsa. A murza a takarda, in ta jiƙe da mai a rage awo.

Abin da ke ɓata kaya shi ne ajiya. Buhu a ƙasa, jikin bango, a shiga damina da shi, sai fumfuna. A ɗora kan katako, tazarar taku ɗaya daga bango.

Mai Labo, Njamena
Wannan maganar fumfuna ta fi omega-3 nauyi, a yi haƙuri in tsaya a kanta. Fumfunar gyaɗa, masara da gurya na fitar da wata guba mai suna afalatoksin. Saniya ta ci, hanta ta juya shi, wani ɓangare ya fito a madara cikin sa'o'i. Tafasawa ba ta kashe shi, kwana a ƙwarya ya zama kindirmo ma ba ya kashe shi. Iyakar da Codex, hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, ta sa maikurogiram 0.5 ne a kilo na madara, ta Tarayyar Turai 0.05. Yana da alaƙa da kansar hanta, kuma yara ne manyan masu shan madara. In an janye gurɓataccen abincin, madarar na washewa cikin kwana uku zuwa huɗu. Turto mai kore-kore, mai dunƙulewa, mai warin rima, kada a ce bari a shanya a bayar. Rana na busar da fumfuna, gubar na nan.

Baban Garke, Yagwa
Yara kun yi ta lissafi, ba ku faɗi inda ganyen yake da rani ba. Yana nan. Yayre, wato fadamar kogin Lagon, in ruwa ya ja, burgu na tsayawa kore har cikin rani, shi ya sa garkuna ke gangarowa. Bakin tafkin Maga haka, bakin Lagdo haka, tsibiran Tafkin Chadi inda shanun kuri suke haka. Madarar saniyar burgu a watan Fabrairu manta na da launi. Wanda ke kusa ya yanko, kilo 8 zuwa 10 na ɗanye ga saniya a rana, a bar shi ya sha iska kaɗan kafin a zuba. Sharrin fadama shi ne tsutsar hanta, a yi magani a kan lokaci, a kiyaye kwanakin da aka rubuta a kwalba kafin a sayar da madara.

Wanda ke tudu kuma, gawo. Shi kaɗai ke ganye da rani ya zubar da damina, 'ya'yansa na faɗowa lokacin da babu komai. Sai ganyen madobiya, kawo da marke, amma a sassabe reshe, kada a gundule itace.

Gargaɗi ɗaya: gyauron dawa kore ne shar, yana jan ido, yana kashewa. Ƙaramin gyauro da ƙishi ya kama, wanda bai kai gwiwa ba, na da guba. Bayan girbin muskuwari, dawar rani da ake dasawa a ƙasar laka ta karal, a kula da wannan.

Malamin Kiwo, Gaundare
Baba ya faɗi gaskiya. Wanda ba shi da fadama, aikinsa a watan Satumba yake, ba a Maris ba. Ingirici da busasshiyar ciyawa ba ɗaya ba ne. Ingirici ana yanka shi da ransa, lokacin da ciyawa ta fara fitar da kai, kafin 'ya'ya su nuna. A baza shi siriri, a juya sau biyu a rana, kwana biyu zuwa uku ya isa. Gwaji: a murɗa damƙi guda, in ba ya fitar da danshi kuma bai karye rugu-rugu ba, ya yi. A ɗaure, a kai inuwa, a kan dandamali. Ko a haka wani ɓangare na omega-3 ya tafi, domin da an yanke ganye iska ke fara cin maiƙonsa, kuma gwargwadon daɗewar shanya gwargwadon asara. Amma ingirici mai sauran kore ya yi wa ciyawar da ta bushe a tsaye nisa.

Harawar wake da ta gyaɗa: amfanin na ganye ne, kuma ganyen ne ke kakkaɓewa. A ɗaure da sassafe da sauran raɓa. Ɗora ta kan rufi ko reshen itace na kare ta daga awaki, amma rana na cin bayan damin har ya yi fari, a rufe da zana ko tsohon buhu. Kilo 2 a rana ga mai tatsa.

Mai fili kusa da gida ya shuka ciyawar kiwo irin su barakariya da sitilo, a nan Adamawa tashar bincike ta Wakwa ta daɗe tana aiki a kansu. Layin zogale a bakin rijiya ma na ba da ɗanyen ganye duk rani.

Karan dawa da aka jiƙa da yuriya, kilo 4 zuwa 5 ga kilo 100 na kara, a rufe mako uku, na ƙara ci da narkewa. Yana da kyau, amma ba ya kawo omega-3, kada a haɗa lissafin.

Mai Turto, Gidar
Waken suya fa? Ana nomansa yanzu sosai wajen Mokolo da Tuboro.

Dakta, Garwa
Cikin abin da muke da shi a kasuwa shi ne mai ɗan omega-3, kusan kashi 7 na mansa, omega-6 kuma fiye da rabi. Riɗi da gyaɗa babu. A gasa shi har ya yi ruwan zuma, kada ya ƙone, a ɓarza biyu ko huɗu, kada a niƙa ya zama gari, don man ya fita a hankali. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya, kuma a madadin gurya, ba a kanta ba. Ɗanyen waken suya kada ya haɗu da yuriya a kwano ɗaya, yana da inzayim mai sakin amoniya nan take, saniya na iya faɗuwa. Abin da Turawa ke amfani da shi 'ya'yan wani tsiro ne mai suna lin, mansa fiye da rabi omega-3. A Faransa ƙungiyar Bleu-Blanc-Cœur tun 2000 a kansa ta kafu. Mu ba amfanin gonarmu ba ne.

Bari in koma kan abin da ke faruwa a turken cikin gari, don nan ne ake kuka. A cika wa saniya dusar masara, garin hatsi da turto mai maiƙo, ciyawa 'yar kaɗan. Tumbi ya yi tsami, awon pH, wanda ke sauka in tsami ya ƙaru, ya yi ƙasa da 5.8, ƙwayoyin da ke bin hanyar basenik su ja baya, wasu su karɓi aiki, su fitar da wani nau'in CLA na daban, wanda giram kaɗan nasa ke umartar hantsa ta rage ƙera mai. Madara ta fito tsararo, a kaɗa a rasa mai, har a zargi mai tatsa da zuba ruwa. Alamu: tuƙa ta ragu, kashi mai kumfa da tsami, yau ta ci gobe ta ƙi, daga baya ɗingishi. A garken da ke kwance yana hutawa ya kamata rabi ko fiye su kasance suna tuƙa. Gyara: ciyawa mai tsawo ta zama aƙalla kashi 60 na abinci, a fara ba da ita kafin dusa, a raba dusa sau biyu ko uku. Mai na dawowa cikin mako biyu zuwa uku.

Dusar shinkafa ta Yagwa da Maga na da mai kashi 12 zuwa sama kuma tana saurin lalacewa da zafi, a saya ta mako-mako, a duba kada ɓuntu ya yi yawa.

Baban Garke, Yagwa
Kanwa kuma? Iyaye ba su bar ta ba.

Dakta, Garwa
Suna da hujja Baba. Kanwar Kanem gishirin soda ce, tana kashe tsamin tumbi, aikin da bikabonat ke yi a manyan gonaki, inda ake sa wajen giram 7 zuwa 8 a kowane kilo na abinci. Ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dutse zuwa dutse, don haka a ajiye ta lasa ya fi a narka da yawa a ruwa. Tana kare yawan man, ba ta ƙara omega-3, kuma ba ta maye gurbin ciyawa.

Malamar Abinci, Garwa
Ni da ɓangaren mai sha zan yi magana, kuma zan ɗan rage wa tallan zafi. Binciken da aka buga a Amurka a 2018, kan samfur fiye da dubu, ya samu omega-3 giram 0.05 a giram 100 na madarar shanun ciyawa zalla, 0.02 a ta shanun hatsi. Ninki biyu da rabi, gaskiya ne. Amma a kofi mai mililita 250 miligiram 125 ne da 50, alhali babban mutum na buƙatar 1,100 zuwa 1,600 a rana. Kuma yawancinsa linolenik ne, jiki kaɗan yake juyawa zuwa EPA da DHA, wasu nau'o'in omega-3, waɗanda ke cikin sardin da makaro kai tsaye. CLA kuma, yawancin abin da ake faɗa a kansa na kare ciwon kansa da rage ƙiba daga gwajin ɓeraye ya fito, a mutane sakamakon ya rarrabu. Madarar ganye ta fi, musamman ta wajen bitamin A ga yara. Magani ce? A'a. Hajiya kada ki rubuta a roba cewa tana maganin hawan jini.

Wani abu: duk waɗannan a cikin man suke. Nonon da aka kaɗe aka kwashe mansa ya rabu da su, suna man shanu da kindirmo. Tsami da tafasa ba sa yi musu wata ɓarna. Abokan gabarsu haske, iska da tsatsar ƙarfe ne. Soyayyen man shanu a zuba a kwalba mai murfi, a cika ta, a ajiye a duhu.

Mai Kindirmo, Marwa
Allah ya saka da alheri. Ta ƙarshe: in mutum na so ya auna ya tabbatar, ba ido kawai ba?

Mai Labo, Njamena
Awo biyu ne. Yawan mai gaba ɗaya, gwajin Gerber: asid na salfa mililita 10, madara 11, barasar amil 1, a juya a na'ura minti biyar, a karanta bayan an ɗumama a ruwa mai zafin digiri 65. Wannan ƙaramin labo na yi. Ire-iren maiƙon kuwa sai na'urar kuromatogirafi ta gas, a manyan ɗakunan bincike.

Inda ake kuskure shi ne ɗibar samfur. Madarar farkon tatsa mai kashi 1 zuwa 2 gare ta, ta ƙarshe na kai 8 ko fiye. Shanunmu kuma sai maraƙi ya fara tsotsa suke sakin nono, a ƙarshe a bar masa saura, wato shi ke shan mafi maiƙo. In yau an sake shi da wuri gobe an tatse tas, awo zai yi tsalle ba tare da abinci ya sauya ba. Saniyar da ta haihu kwanan nan tana ramewa ma kitsen jikinta take zubawa a madara, olik ya hau, a zaci abinci ne. Don haka a ɗiba daga madarar garke da aka haɗa aka gauraya, ta safe da ta yamma, mililita 50 a kwalba mai tsabta, a sa a ƙanƙara. In an sauya abinci a jira mako uku kafin a sake ɗiba, kuma mai tatsa ya zama shi ne dai na farko.